Nazarin Ƙarafa da Sinadaran Aikin Famfo: Amfaninsu da Matsalar Sunayensu a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ƙarafa da sinadaran da ake amfani da su a sana'ar aikin famfo. Ta fayyace halin kowane ɗaya, da aikin da yake yi, da illar da ke biyo baya idan aka sa shi inda bai dace ba. An bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, wato dalma da kuza da jan ƙarfe da tagulla da baƙin ƙarfe da tutiya da ƙarfe marar tsatsa, sannan aka juya ga bututun roba da sinadaran haɗi da na wanki. Maƙalar ta nuna cewa sunayen da Hausa ta gada daga sana'ar ƙira sun ginu ne a kan launi da kamanni, alhali aikin famfo yana buƙatar sunan da ya ginu a kan ainihin abin da ƙarfe ya ƙunsa. Kalmar dalma kaɗai tana ɗauke da ƙarafa uku, ɗaya daga cikinsu kuwa guba ne. A ƙarshe an kawo shawarar keɓe wa kowane ƙarfe sunansa, domin a nan daidaita kalma yana da alaƙa ta kai tsaye da lafiyar mai shan ruwa.

Fitilun Kalmomi: aikin famfo, ƙarafa, dalma, keɓaɓɓun kalmomi, sana'o'in zamani

1.0 Gabatarwa

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana samun ruwa ne daga rijiya da tafki da kogi. Yakan ɗebo shi a tulu ko salka, ya adana a randa. Ruwan sama kuwa indararo ke zubo da shi daga soro, kwata ta fitar da shi waje. Duk waɗannan kayan na yumɓu ne ko fata ko itace, ƙarfe bai cika shiga tsakanin Bahaushe da ruwan shansa ba. Lamarin ya sauya a ƙarni na ashirin. A birnin Kano, alal misali, an fara tura ruwa ta bututu daga gidan ruwa na Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga lokacin ne sabuwar sana'a ta kafu, da kayan aikinta da kalmominta. Ita kanta kalmar famfo aro ce daga sunan Ingilishi na injin tura ruwa, amma Bahaushe ya faɗaɗa ta, ta ɗauki bakin da ruwa ke fitowa, da ruwan kansa, da sana'ar baki ɗaya.

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan ƙira da jima da saƙa da rini. Sana'o'in da zamani ya kawo ba su samu irin wannan kulawa ba, ga shi kuwa da wuya a gina gidan siminti a yau ba a kira mai aikin famfo ba. Manufar wannan maƙala iri biyu ce. Ta farko, bayyana kayan da sana'ar ta dogara a kansu da Hausa. Ta biyu, auna ko kalmomin da muke da su sun isa su bambanta waɗannan kaya yadda aikin yake buƙata.

2.0 Bahaushe da Sunayen Ƙarafa

Sanin ƙarfe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. An daɗe ana haƙo tama ana narkar da ita, kuma sana'ar ƙira ta kasu gida biyu. Maƙeran baƙi suna sarrafa baƙin ƙarfe su ƙera fartanya da garma da gatari da takobi. Maƙeran fari kuwa suna aikin azurfa da tagulla da makamantansu, su ƙera zobe da mundaye da kayan adon doki. Wannan rabe-rabe da kansa ya nuna ma'aunin da aka bi wajen raɗa suna, wato launi. Akwai baƙin ƙarfe, akwai jan ƙarfe, akwai farin ƙarfe. Ma'aunin ya wadatar a lokacinsa, domin maƙeri ya san ƙarfensa da hannu da ido da wuta, mai sayen munduwa kuma ba abin da ya dame shi sai kyanta.

Haka ma kalmar sinadari daga maƙera ta fito. Ma'anarta ta asali ita ce abin da maƙerin fari yake sawa domin ƙarfe ya kama ƙarfe a wajen liƙi. Daga baya ne ta faɗaɗa ta zama sunan duk wani haɗi na kimiyya, har da na girki. Ke nan Hausa tana da tushen da za a yi gini a kansa. Abin dubawa shi ne ko ginin ya kai inda sana'ar zamani take.

3.0 Ƙarafan Aikin Famfo

3.1 Dalma

Dalma ce uwar wannan sana'a a tarihi. Sunanta da Latin shi ne plumbum, daga nan ne sunan mai aikin famfo ya samo asali a Ingilishi da Faransanci, daga nan ne kuma aka ciro alamarta ta kimiyya, Pb. Rumawa sun yi amfani da ita sosai wajen rarraba ruwa a biranensu. Dalilin son ta a bayyane yake: tana da taushi, tana lanƙwasuwa da hannu, ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, kuma tana narkewa a zafin digiri 327 kacal a ma'aunin Salsiyas. Sai dai tun a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin gine-gine na Rum, Vitruvius, ya yi gargaɗin cewa ruwan bututun yumɓu ya fi na dalma lafiya.

Kimiyyar zamani ta gaskata shi. Dalma tana narkewa kaɗan-kaɗan ta shiga ruwa, musamman idan ruwan yana da ɗan tsami ko ya kwana a cikin bututu. Ba ta sauya wa ruwa launi ko ɗanɗano ko wari. Idan ta shiga jiki tana taruwa a ƙashi, ta taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, ta rage kaifin fahimtarsu, ta jawo wa manya hawan jini da ciwon ƙoda, ta kuma cutar da ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha, tare da bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Amurka ta hana sa bututun dalma da abin liƙi mai dalma a hanyoyin ruwan sha a shekarar 1986. Duk da haka, abin da ya faru a birnin Flint na jihar Michigan ya nuna cewa tsohon bututu ba ya mantuwa. A watan Afrilun 2014 aka sauya wa birnin mashaya zuwa kogin Flint ba tare da zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya kankare dattin da ya lulluɓe cikin tsofaffin bututun dalma, gubar ta kwarara zuwa gidajen jama'a.

3.2 Kuza da Ƙarfen Liƙi

Kuza ƙarfe ne fari mai taushi, yana narkewa a digiri 232, kuma ba shi da irin gubar dalma. Arewacin Nijeriya ta shahara da shi, domin tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka kafa haƙarsa a tsaunukan Jos. Ba a yin bututu da kuza zalla. Amfaninsa a aikin famfo shi ne liƙi. Idan za a haɗa bututun jan ƙarfe biyu, sai a goge bakinsu, a shafa sinadarin da ke cinye dattin saman ƙarfe, a zura ɗaya cikin mahaɗi, a gasa da wuta, sannan a ɗora waya mai saurin narkewa. Wayar ta narke ta tsotsu cikin 'yar tazarar da ke tsakani, ta daskare ta toshe ta.

A da, wannan waya gami ce ta kuza da dalma, rabi da rabi. Wadda aka amince da ita yanzu a hanyar ruwan sha kusan duk kuza ce, da ɗan jan ƙarfe ko azurfa kashi kaɗan cikin ɗari. Matsalar ita ce wayar liƙi mai dalma tana nan a kasuwa domin masu gyaran rediyo da lagireto, ta fi araha, kuma a ido ba ta da wani bambanci da marar dalma.

3.3 Jan Ƙarfe

Jan ƙarfe, wanda wasu ke kira gaci, shi ne ya gaji dalma a gidajen Turai da Amurka. Alamarsa Cu ta fito ne daga sunan tsibirin Ƙubrus, inda Rumawa suke samo shi. Yana jure zafi ƙwarai, domin sai ya kai digiri 1085 yake narkewa, yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, kuma yakan yi wa kansa wani siririn lulluɓi da ke kare shi daga lalacewa. Saboda haka ya dace da ruwan zafi da bututun iskar gas da na na'urar sanyaya ɗaki. A ƙasar Hausa an fi ganinsa a waɗannan biyun na ƙarshe, saboda tsadarsa da kuma yadda ɓarayin ƙarfe suke farautarsa. Rauninsa shi ne ruwa mai tsami, wanda ma'aunin pH ɗinsa ya gaza 6.5. Irin wannan ruwa yana cin sa, alamar haka kuwa ita ce tabo mai launin shuɗi-shuɗi ko tsanwa a kwamin wanka.

3.4 Tagulla

Mafi yawan kawunan famfo da bawul da mahaɗai masu zare da tagulla ake yin su. A nan ma suna ɗaya ne ya rufe abubuwa biyu. Akwai gamin jan ƙarfe da tutiya, mai launin rawaya, wanda jan ƙarfe ke ɗaukar wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasa. Akwai kuma gamin jan ƙarfe da kuza, mai duhun ja, wanda ya fi ƙarfi da jure ruwan gishiri. Na farkon ya fi yawa a kasuwa domin ya fi sauƙin zubi da yankan zare.

Abubuwa biyu ne ya kamata a sani game da tagullar famfo. Na farko, masana'antu sun daɗe suna ƙara mata dalma, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, domin injin yanka ya ratsa ta cikin sauƙi. Ke nan gidan da babu bututun dalma ko ɗaya yana iya samun dalma daga kan famfonsa. Wannan ne ya sa daga watan Janairun 2014 dokar Amurka ta rage abin da aka yarda da shi zuwa kashi 0.25 cikin ɗari a duk fuskar da ruwa ke taɓawa. Na biyu, wasu ruwaye suna zare tutiyar da ke cikin gamin su bar jan ƙarfe mai ramuka kamar soso. Bawul ɗin zai ci gaba da kyan gani a waje, ranar da aka murɗa shi da ƙarfi sai ya ɓare.

Ƙyallin da ake gani a kan famfo na zamani shafe ne na nikel da kuromiyam. Abin da ke ƙarƙashin shafen shi ne abin tambaya. Na ƙwarai tagulla ce, mai araha kuwa sau da yawa gamin tutiya ne wanda ba ya daɗewa yake rubewa. Gogaggen mai aikin famfo yakan ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya leƙa cikin zaren ya ga ko rawaya ne ko toka-toka.

3.5 Baƙin Ƙarfe da Tutiya

Baƙin ƙarfe yana shigowa aikin ruwa ta siga uku. Siga ta farko ita ce ƙarfen zubi, mai ɗauke da kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Yana da nauyi da ƙarko, har wasu bututun da aka shimfiɗa a fadar Versailles ta Faransa a ƙarni na 17 sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki. Aibinsa gautsi, idan ƙasa ta motsa ko babbar mota ta danne shi sai ya tsage. Siga ta biyu ita ce wadda aka samar a shekarun 1940, inda ake ƙara wa narkakken ƙarfen ɗan magniziyam, sai ya zama mai tanƙwaruwa maimakon karyewa. Da irinsa ake yin manyan bututun da hukumomin ruwa ke binnewa a ƙarƙashin tituna, kuma akan shafe cikinsu da siminti domin hana tsatsa.

Siga ta uku ita ce wadda kowa ya sani a tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu da barikoki, wato bututun da masu sana'a ke kira ji-ai. Ƙarfe ne da aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450. Hikimar ita ce tutiya ta fi baƙin ƙarfe saurin ciwuwa, don haka ita ruwa yake fara ci, ƙarfen da ke ƙasa ya tsira. Irin wannan shafe ne a jikin kwanon rufi da bokitin ƙarfe. Amma tutiyar tana ƙarewa. Idan ta ƙare tsatsa ta kama, ta yi ta tsiro daga ciki har hanyar ruwa ta ƙuntata. Alamominta su ne jan ruwa da safe, da raguwar ƙarfin ruwa, da yoyo a wajen zare, domin yankan zare yana kankare shafen tun ranar farko.

Wannan bayani ya shafi karkara kai tsaye. Famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II, wanda ya bazu a ƙauyukan Afirka ta Yamma, da bututun ji-ai aka tsara shi. A rijiyar burtsatsen da ruwanta ke da tsami, bututun yakan rube cikin ɗan lokaci, ruwa ya yi ja ya riƙa ɓata tufafi da tuwo, mata su ƙaurace masa su koma tafki. Samfurin Afridev ya kauce wa wannan ta hanyar amfani da bututun roba. Ke nan auna tsamin ruwa kafin zaɓen bututu yana iya zama bambanci tsakanin rijiyar da ke aiki da wadda ta zama turken awaki.

3.6 Ƙarfe Marar Tsatsa

Wannan gami ne na baƙin ƙarfe da kuromiyam wanda bai gaza kashi 10.5 cikin ɗari ba. Ana danganta samar da shi ga Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila a shekarar 1913. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wani lulluɓi da ido ba ya gani, wanda ko an karce shi yakan sake rufewa. Nau'in da ya fi yawa, mai lamba 304, yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Da shi ake yin kwamin wanke-wanke da tankuna da sandunan famfon burtsatse da jikin injin da ake zurawa cikin rijiya. Inda ruwa ke da gishiri kuwa, nau'i mai lamba 316 ya fi dacewa.

3.7 Haɗa Ƙarafa Mabambanta

Akwai wata ƙa'ida da yawancin masu koyon sana'a ba a faɗa musu dalilinta ba. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu kuma ruwa ya jiƙa su, wata 'yar ƙaramar wutar lantarki tana gudana tsakaninsu kamar yadda take yi a batir, sai ɗaya ya riƙa ciwuwa domin ɗayan. Idan aka ɗaura jan ƙarfe kai tsaye a jikin ji-ai, ji-ai ɗin ne zai rube a daidai mahaɗin. Maganin haka shi ne a raba su da mahaɗi mai roba a tsakiya. Wannan ƙa'ida ce kuma aka juya ta zama amfani a tukunyar dumama ruwan wanka, inda ake sa sandar magniziyam domin ruwa ya ci ta ya bar jikin tukunyar. Idan sandar ta ƙare ba a sauya ba, tukunyar ce za ta biya bashin.

4.0 Sinadarai da Kayan da Ba na Ƙarfe Ba

4.1 Bututun Roba

A yau roba ta mamaye aikin famfo a garuruwan Hausa saboda araha da rashin nauyi da rashin tsatsa. Sai dai abin da ake kira roba iri-iri ne. PVC ya dace da ruwan sanyi da magudanar ƙazanta, amma yana laushi idan zafi ya wuce digiri 60. CPVC, wanda aka ƙara wa kulorin, yana jure zafin da ya kai wajen digiri 90. PPR, wanda aka fi sani da launin kore, da zafi ake haɗa shi: a gasa bakin bututu da na mahaɗi a injin da ya kai digiri 260, a cusa su cikin juna su zama abu guda. HDPE kuwa shi ne baƙin bututun da ke zuwa a naɗe, wanda ake binnewa daga burtsatse zuwa tanki.

Rana ce babbar abokiyar gabar PVC. Haskenta yana sa shi gautsi, shi ya sa bututun da ke sauka daga tankin sama yakan fashe bayan 'yan shekaru idan ba a yi masa fenti ko rufi ba. Haka kuma, dalma ta biyo sana'ar har cikin roba, domin an daɗe ana sa sinadaranta a PVC don kada zafin masana'anta ya lalata shi. Masana'antun Tarayyar Turai sun kammala daina hakan a ƙarshen shekarar 2015. Don haka bututun da aka yi domin wayar lantarki ko magudana bai kamata a ja ruwan sha da shi ba, ko da girmansu ɗaya da na ruwa.

4.2 Kayan Haɗi

Abin da masu sana'a ke kira gam ɗin PVC ya bambanta da gam ɗin takarda ko na takalmi. Aikinsa shi ne narkar da fatar bututu da ta mahaɗi, su cakuɗe, sannan ya bushe ya bar su a matsayin roba guda. Wannan ya sa ba ya kama PPR ko HDPE, domin ba ya iya narkar da su. Tururinsa yana kama wuta kuma yana bugarwa, don haka ba a aiki da shi a rufaffen banɗaki. Farin tef ɗin da ake naɗawa a zare kuwa an yi shi ne da sinadarin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, wanda aka sani da sunan kasuwa Teflon. Shi ya maye gurbin tsohuwar hanyar naɗa zaren rama a shafa masa jan ƙulli, wanda sau da yawa da dalma ake haɗa shi.

4.3 Sinadaran Wanki da Tace Ruwa

Idan magudana ta toshe da maiƙo ko gashi, akan zuba soda irin wadda ake yin sabulu da ita, ta narkar da su. Tana ƙona fata, tana makantarwa idan ta fantsama a ido, kuma tana cinye alminiyam. Asid kuwa yana cire farin dattin da ruwa mai nauyi ke bari, amma yana cinye shafen tutiya da na kuromiyam. Babban haɗari shi ne haɗa asid da bilic a masai ɗaya, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. A gidan ruwa kuma ana sa alif domin laka ta kwanta, a sa kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, a sa farar ƙasa domin rage tsamin ruwa. Wannan mataki na ƙarshe bututu yake karewa, ta haka kuma ya kare mai sha.

5.0 Matsalar Suna

Idan aka ɗora bayanan da suka gabata a kan kalmomin Hausa, giɓin zai fito fili. Kalmar dalma ita ce babban misali. A ma'ana ta farko tana nufin ƙarfen nan mai guba. Da wannan ma'ana kafafen watsa labarai suka yi amfani da ita a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gidaje ta hallaka yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. A ma'ana ta biyu tana nufin kuza, kamar yadda sunan Riruwan Dalma na ƙasar Bauchi ya nuna, garin da ya shahara da narkar da kuza ana zuba shi sirara kamar tsinken ciyawa tun kafin zuwan Turawa. A ma'ana ta uku, tukunyar dalma da mata ke girki da ita ta alminiyam ce. Ƙarafa uku ke nan masu kama da juna a ido, amma kama da wane ba ta wane.

Sakamakon wannan a aikace yana da nauyi. Idan jami'in lafiya ya ce a rediyo a guji liƙa bututun ruwan sha da dalma, mai sauraro ɗaya zai ɗauka duk wayar liƙi ake nufi, wani zai tsorata da tukunyarsa, wani kuma zai ce ai kakanninsa sun yi ta aiki da dalma ba abin da ya same su, alhali kuza yake nufi. Ta yaya ma za a fassara rubutun da ke jikin kaya mai cewa babu dalma a ciki, idan kayan kansa sunansa dalma a bakin mai sayarwa?

Tagulla ma haka take. Tana ɗaukar jan ƙarfe zalla, da gaminsa da tutiya, da gaminsa da kuza, har lambar yabo ta uku a wasanni ta tagulla ake ce mata. Kalmar silba, wadda aka aro daga sunan azurfa na Ingilishi, ta zama sunan duk wani ƙarfe mai ƙyalli, ko marar tsatsa ne ko mai shafen kuromiyam. Roba kuma ta haɗe PVC da PPR da HDPE da robar taya. Ita kuwa tutiya, wadda aka aro daga Larabci tun da daɗewa, ta kusa ɓacewa daga bakin matasa, ga shi kuwa aikin famfo ba ya bayanuwa sai da ita.

5.1 Shawarwari

Wannan maƙala tana ba da shawarar a keɓe sunaye kamar haka a rubutun koyarwa da na wayar da kai:

i. Dalma ta tsaya a kan Pb kaɗai.
ii. Kuza ya tsaya a kan Sn, wayar liƙi kuma a bambanta ta da cewa mai dalma ko marar dalma.
iii. Tutiya ta tsaya a kan Zn, a kira ji-ai bututu mai shafen tutiya.
iv. Jan ƙarfe ya tsaya a kan Cu zalla.
v. A raba tagulla biyu: tagullar tutiya da tagullar kuza.
vi. A bar wa Al sunan alminiyam, a daina jingina shi ga dalma a rubuce.
vii. A riƙa haɗa kalmar roba da haruffan da ke jikin bututu, kamar robar PVC da robar PPR.

Ba a sa ran kasuwa za ta sauya bakinta dare ɗaya. Amma littafin makarantar koyon sana'a da sanarwar hukumar lafiya da fassarar gidan rediyo suna iya bin tsari guda, kuma an ga yadda kafafen watsa labarai suka kafa kalmomi da dama a bakin jama'a. Irin aikin da aka yi wa fannin harshe da adabi a littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, shi ne ya kamata a yi wa sana'o'in gini. Sharaɗin nasararsa shi ne a zauna da masu sana'ar a tattaro kalmomin da suke amfani da su, a haɗa su da masana kimiyyar sinadarai, kafin a ƙirƙiro sabuwar kalma ko ɗaya.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi ƙarafa da sinadaran aikin famfo ta nuna cewa kowane ɗaya yana da wurin da ya dace da shi da wurin da yake cutarwa. Jan ƙarfe yana jure zafi amma ruwa mai tsami yana cin sa, ji-ai yana da ƙarfi amma kariyarsa tana ƙarewa, PVC ba ya tsatsa amma rana da zafi suna lalata shi, dalma kuwa ba ta da gurbi a hanyar ruwan sha ko kaɗan, duk da cewa tana ɓuya a wayar liƙi da tagulla da wasu robobi. An kuma nuna cewa Hausa tana da isassun kalmomi na asali da na tsohon aro, abin da ya rage shi ne a raba musu aiki. Wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa na jami'o'i da cibiyoyin nazarin harsuna, domin magini da mai gida da mai shago duk da Hausa suke ciniki, kuma da sunan da suka kira ƙarfe ake saye a kai shi cikin bango.